Akwati Mai Kwaɗo Uku: Kira Ga Mutanen Mayahi

Jama'ar Mayahi, dattawa da malamai, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, manoma da makiyaya, daga Kanambakashe zuwa Gidan Amumun, daga Sarkin Hausa zuwa Mairerai, har da ƴan'uwanmu na Tasawa da kasuwa da biki suke haɗa mu. Ku kasa kunne, zan ba ku labarin wata ƙasa da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, domin a cikin labarinta akwai namu.

A tsakiyar teku, yamma da birnin Dakar da tazarar kilomita kusan 600, akwai tsibirai goma, tara daga ciki ne ke da mutane. Sunan ƙasar Kabo Berde, waɗanda suka yi lakwal sun san ta da Cap-Vert. Ƙidayar da suka yi a 2021 ta nuna ba su cika rabin miliyan ba. Mu kuwa ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Mayahi ita kaɗai ta haura rabin miliyan. Ƙasarsu gaba ɗaya, in an haɗa tsibiran, murabba'in kilomita dubu 4 ce da ɗoriya, gundumarmu ta fi ta faɗi. Wato wannan ƙasa mai tuta, mai shugaba, mai kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, mun fi ta mutane, mun fi ta fili.

Kada ku ji an ce teku ku zaci dausayi ne. Ruwan gishiri ne ya kewaye su, na sha kuwa sai an wahala. Iskar hunturun da ke busar mana da leɓe ita ce ke ƙetarawa ta kai musu ƙura. Damanarsu gajera ce, wata shekara ma ba ta zuwa. Abin da ake iya nomawa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙasar ba, saura dutse ne da tsandauri. Ba su da yuraniyom, ba su da fetur, ba su da zinariya. A shekarun 1940, ƙarƙashin mulkin Turawan Fotugal, yunwa ta kashe musu dubun dubatan mutane. Wanda ya ga yunwar El-Buhari a 1984, ko ya ga layin uwaye da yara a cibiyoyin tamowa a 2005, ya san irin wannan ciwon, ba sai an kwatanta masa ba.

Ranar 5 ga Yuli 1975 suka sami ƴancin kai, shekara 15 bayan namu. Daga ranar har yau soja bai taɓa hamɓarar da gwamnati a can ba. A 2007 aka fitar da su daga jerin ƙasashe mafi talauci a duniya. A Janairun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun rabu da zazzaɓin cizon sauro, wannan masassarar da ke cika mana asibiti da yara duk damana. Suna da nasu ciwon kai: bashi ya yi musu nauyi, samari na fama da rashin aiki, abincinsu yawanci sai an shigo da shi, kuma lokacin annobar korona da baƙi masu yawon buɗe ido suka daina zuwa sun ji jiki ƙwarai. Amma sun riƙe abu guda da ya hana rumbunsu zubewa. Abin nan nake so mu duba.

Kowace mace a jihar Maraɗi ta san akwatin Mata Masu Dubara. A nan jiharmu aka fara shi a 1991, kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Na zauna gefe na kalli yadda iyayenmu ke yi. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bedi bayan la'asar, an ajiye akwatin ƙarfe a tsakiya, kwaɗo uku a jikinsa. Makulli ɗaya yana ɗaure a bakin zanen wannan, na biyu a wuyan waccan, na uku wurin wata daban, ita kuwa mai ajiyar akwatin ba ta da ko ɗaya. Ba a buɗewa sai ukun sun hallara, sai kuma jama'a na kallo. A zuba kuɗin a faranti, a ƙidaya da ƙarfi, dala bayan dala, jika bayan jika, kowa ta ji, kowa ta maimaita jimillar a ranta har mako mai zuwa. Yawancinsu ba su taɓa riƙe alli ba, amma ba a cin musu ko tamma. Ba wai sun ɗauki mai ajiya ɓarauniya ba ce. Sun dai san cewa amana tana daɗewa in an taimake ta da kwaɗo.

To mulkin Kabo Berde akwati ne mai kwaɗo uku. Tsarin mulkinsu na 1992 ya raba makullan. Jama'a ke zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, shekara biyar, kuma ba ya wuce zango biyu a jere. Gudanar da gwamnati kuwa a hannun firaminista yake, wanda ke fitowa daga ɓangaren da ya fi rinjaye a majalisar dokoki mai kujeru 72. Makulli na uku yana wurin kotu. Ƙarƙashin wannan akwai ƙananan hukumomi 22, kowace da magajin garinta da majalisarta, ana sabunta su da ƙuri'a duk shekara huɗu. Ku lura: rabin miliyan ɗinsu na da ƙananan hukumomi 22, namu na da takwas, wato Mayahi, Kanambakashe, Sarkin Hausa, Isawan, Atantane, Gidan Amumun, Mairerai da Cake. Kuma da yake ƴan ƙasar da ke zaune waje suna da yawa ainun, an ware musu kujeru shida a majalisa, biyu na mazauna Afirka, biyu na nahiyar Amurka, biyu na Turai da sauran duniya. Ɗan ci-rani a can yana aiko da kuɗi, yana kuma da bakin magana.

Rubuta doka a takarda kowa ya iya. Ranar gwaji ake gane ta. Shekara 15 jam'iyya ɗaya ce ke mulkinsu, wadda ta yi gwagwarmayar ƴanci. A Janairun 1991 aka buɗe fage, jam'iyyar PAICV mai mulki ta sha kaye a hannun MpD, firaminista Pedro Pires ya miƙa wa Carlos Veiga ragama. Wata guda bayan haka shugaban ƙasa Aristides Pereira, wanda ke kan kujera tun 1975, ya faɗi zaɓe, ya tattara kayansa ya tafi gida. Bayan shekara goma, a 2001, Pires da Veiga suka kara a neman shugabancin ƙasa. Da aka gama ƙidaya da sauraren ƙorafi a kotu, tazarar da ke tsakaninsu ƙuri'a 12 ce. Goma sha biyu, jama'a! Ba su kai sahun farko na masallacin unguwa ba. Gida ɗaya a Mayahi, in an haɗa maigida da matansa da ƴaƴansa da suka yi aure, ya fi haka. Da wannan tazarar aka rantsar da Pires, ba a ƙone kasuwa ba, ba a harba bindiga ba. Ya yi zangonsa biyu ya sauka a 2011. Daga 2011 zuwa 2016 shugaban ƙasa Jorge Carlos Fonseca da firaminista José Maria Neves ba jam'iyyarsu ɗaya ba, suka yi aiki tare har wa'adi ya cika. A 2020 ƴan adawa suka ci Praia, babban birnin ƙasar, aka ba su makullan ofis.

Yanzu mu juyo gida. A waccan shekarar ta 1991 muka yi namu Babban Taron Ƙasa a Yamai. A 1992 muka amince da tsarin mulki mai kama da nasu, shugaba a gefe, firaminista a gefe. A 1995 aka jarrabe mu da irin jarrabawarsu, shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou suka fito daga ɓangarori daban. Shekara guda aka yi ana ja-in-ja, ranar 27 ga Janairun 1996 soja suka karɓa. Kafin nan an yi juyin mulki a 1974, bayan nan an yi a 1999, da 2010, da 2023. Ban kawo wannan don raba laifi tsakanin masu kaki da masu babbar riga ba, kowa ya san abin da ya gani. Na kawo shi don mu ga cewa iri ɗaya aka shuka a gonaki biyu a shekara ɗaya, ɗaya ta yi amfani, ɗaya tana ta maimai. Iri bai da laifi. Sai mu duba noman.

Na san abin da wani zai ce: ai su tsibiri ne, ba su da iyaka da kowa, ba ƴan bindiga, ba faɗin sahara, kuma ƴan kaɗan ne. Gaskiya ne, Nijar ba tsibiri ba ce, nauyin da ke kanta ya fi nasu nesa. Amma ƙanƙantar nan da ta taimake su muna da ita a ƙaramar hukuma. Minista a Yamai ya yi mana nisa, magajin gari kuwa mun san gidan ubansa, muna haɗuwa da shi a jana'iza da wajen suna. Abin da ya sa mai mulki a tsibiri ke taka tsantsan shi ne ba inda zai ɓuya, gobe zai haɗu da wanda ya zaɓe shi a bakin kasuwa. Kowace ɗaya cikin ƙananan hukumominmu takwas haka take. Abin da ba mu iya gyarawa a Yamai yau, muna iya fara gyara shi a Isawan da Atantane.

Kuma kada wani ya ce mana ba mu iya ba. Wa ya maido da itatuwa gonakin jihar Maraɗi bayan farin shekarun 1970 da 1980? Manoma ne, da sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara, suna kafa kwamitin tsaro a ƙauye, suna yanka tara ga mai saran dare, kamar yadda mutanen Ɗan Saga a gundumar Agye suka yi suna a kai. Miliyoyin itatuwa suka tashi ba tare da an dasa su ba. Wa ke tsaron goriba a Gulbin Kaba, wadda kabarta ke ciyar da masu saƙar tabarma da igiya? Wa ya gina azuzuwa da gayya a zamanin samariya? Kafin a yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a ƙasa baki ɗaya, Mayahi da Ngigmi suna cikin wuraren da aka fara gwada tsarin, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu ne zakaran gwajin dafi.

Ina tuna daren 24 ga Yulin 2004, ranar zaɓen. Ajin makaranta ne, an jawo tebura biyu an haɗa, fitilar ƙwai a tsakiya. Aka juye akwati, mai ƙidaya yana ɗaga kowace takarda sama kowa ya gani, wani malamin makaranta yana jan layi a allo, huɗu a tsaye na biyar a gicciye. Tagogi cike da kawunan mutane. Wani tsoho da ya zo tun hantsi ya ƙi tafiya sai ya ga ƙarshe, yana dogare da sandarsa yana ƙidaya tare da su a hankali. Da aka gama ya ce yau ya ga an yi rabon gado a gaban magada. Wannan daren namu ne, ba a tsibiri aka yi shi ba.

To ina muka saki? Mun saki ranar da muka ɗauka aikinmu ya ƙare da dangwala yatsa a tawada. Muka zaɓi kansiloli muka koma gona, ba mu sake leƙa zaman majalisa ba, alhali doka ta bar ƙofar a buɗe ga kowa. Mun saki ranar da muka karɓi turmin atamfa da sabulu da jika biyu muka ba da shekara biyar. Wanda ya sayi ƙuri'arka ya biya ka, ba ka da sauran bakin tambayarsa. Na san wani ƙauye da aka gina wa famfo, aka kafa kwamiti, kowace mace na biyan kuɗin jarka. Shekara uku ana tarawa a hannun mutum ɗaya, ba a taɓa ƙidayawa a fili ba, don ana jin nauyinsa. Ranar da injin ya lalace aka buɗe akwati, abin da ke ciki bai isa kuɗin motar mai gyara ba. Mata suka koma tsohuwar rijiya mai gaba da yawa, sa na jan guga, ƴan mata suka bar aji suna bin igiya tun asuba. Da akwatin nan na da kwaɗo uku, da mutumin nan ma yana nan da mutuncinsa. Kunyarmu ce ta cuce shi, ta cuce mu.

Tun Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi su riƙe. A Maris na 2025 aka kafa dokar sake gina ƙasa, aka kuma rusa jam'iyyu. Wasu sun ɗauka shi ke nan, talaka ya naɗe tabarmarsa sai an kira shi. Ni ban yarda ba. Kuɗin da ke shiga asusun ƙaramar hukuma har yanzu naka ne, daga lanhonka da tikitin kasuwa da na kara yake fitowa. In ana maganar sake gina ƙasa, to gini daga tushe yake farawa, mu ne kuma tushen. Saboda haka ga kirana.

Mu yi wa kowane yaro takardar haihuwa tun yana cikin zanen goyo. Maigida, ranar suna kafin ka yanka rago ka tabbata an rubuta shi. Yaron da ba shi cikin rajista ba a lissafa shi in ana rabon aji da magani, ranar jarrabawa kuma uwarsa ce za ta yi ta zarya. Babba kuma ya nemi katinsa na ɗan ƙasa ya adana.

Mu biya lanho, mu karɓi rasiɗi. Kada ka miƙa ko dala a kasuwa ko a kara ba tare da an yaga maka tikiti ba. Kuɗin da ba takarda ba ya isa asusu. Rasiɗin nan shi ne makullinka, da shi za ka tsaya gaban kowa ka yi tambaya ba tare da kunya ba.

Mu nemi a karanta mana lissafi. Masu gari da limamai da shugabannin mata da na samari su je wurin kantoma cikin ladabi, su roƙi a riƙa bayyana abin da ya shigo da abin da aka kashe, a manna a ƙofar ofis, a karanta da Hausa da Fulatanci da Tamashek a rediyon gari. Nawa kasuwa ta kawo a wata uku? Aji nawa aka gina, a wane ƙauye, wa ya yi kwangilar? Mai gaskiya zai yi murna da wannan tambaya, domin ita za ta wanke shi.

Mu gyara ƙananan akwatunanmu kafin mu nuna na wani da yatsa. Kwamitin makaranta, na asibiti, na famfo, na bankin hatsi: kowanne a raba makullansa, a ƙidaya kuɗinsa da tiyoyinsa a bainar jama'a, a sa wa shugabanninsa wa'adi. In wa'adi ya cika a sake zaɓe, ko da wanda ke kai waliyyi ne. Wanda ya faɗi ya miƙa littafi da hannunsa, ya zauna a sahu. A nan ake koyon sauka daga kujera. Yaron da ya ga ubansa ya miƙa makullin bankin hatsi cikin fara'a, in ya girma ya zama wani abu ba zai ce sai gawarsa ba.

Manoma da makiyaya, mu kai maganar gona da burtali da mashaya gaban hukumar filaye tun kafin ruwa ya sauka. Dokar karkara ta tanadi waɗannan kwamitoci tun daga ƙauye har gunduma. Sayarwa ko jingina ko aro, a rubuta, a sa shaidu. Rikicin manoma da makiyaya da ya faru a Toda a 1991, inda aka rasa rayuka sama da ɗari, ya ishe mu wa'azi har abada.

Sarakunanmu da malamanmu, ku ne inuwar da ake fakewa. Ku tsaya tsakiya, kada ku jingina da kowa, domin ranar da rigima ta taso wurinku za a zo. Ku gaya wa jama'a a huɗuba da fada cewa tambayar ina dukiyar al'umma ta shiga ba rashin kunya ba ce, taimakon shugaba ne a kan amanar da zai amsa gaban Allah.

Iyayenmu mata, ku kuka riga kowa sanin wannan ilimi. Ku fito da shi daga ƙarƙashin bedi ku kai shi kwamitin famfo da na asibiti, ku nemi kujera a inda ake yanke shawara. Ƴan ci-rani da ke Kano da Legas da Agadas da Libiya, kuɗin da kuke aikowa shi ke riƙe gidaje da yawa lokacin bazara. Ku haɗa kai ƙauye ƙauye, in kun aiko don rijiya ko aji ku nemi lissafi, wayar da ke hannunku ta isa.

Sannan mu riƙa faɗa a fili, cikin natsuwa da girmama hukuma, cewa muna son ranar da za a maido mana da zaɓen kansilolinmu da magadan garinmu. Kafin ranar ta zo mu shirya mata, tun ran gini ran zane. In ta zo, mai atamfa ya riƙe atamfarsa. Mu tambaye shi abin da ya taɓa riƙewa da yadda ya bar shi. In namu ya faɗi, ko da ƙuri'a 12 ce, mu bi ta kotu in muna da hujja, in babu mu je mu yi wa wanda ya ci barka, mu koma mu sa masa ido.

Mutanen tsibirin nan ba su fi mu ruwan sama ba, ba su fi mu yawa ba, ba su fi mu hankali ba. Sun dai ƙi barin makullai uku a aljihu ɗaya, sun kuma ƙi tashi daga tabarma kafin a gama ƙidaya. Wannan dabarar a jiharmu iyayenmu mata suka raine ta, har duniya ta zo ta ɗauka. Abin kunya ne a ce ta yi amfani a ƙasashen wasu, mu kuwa famfonmu na tsaye.

Wannan makon, kafin Juma'a ta zagayo, kowane ƙauye ya tara mutanensa a ƙofar mai gari. A fito da akwatin famfo, ko na makaranta, ko na bankin hatsi, a ajiye a tsakiya. A sayo kwaɗo uku a kasuwa, a ba mutum uku makullan, mace ta kasance cikinsu. Sannan a juye abin da ke ciki a faranti, a ƙidaya da ƙarfi, yara na kallo.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da Mayahi da Nijar lafiya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu ƙarfin zuciyar taya su riƙewa. Amin.